Hannu Uku a Cikin Rago Ɗaya

Bashora Abajila ya kai tsufa bai taɓa yin faɗa da kowa ba. Masu yabonsa da haƙuri ba su san zancen ba, don ba hali ba ne, sharaɗin sana'a ne. A ƙauyukan da ke bakin kogin Tana, in jini ya zuba tsakanin manomi da makiyayi, aka gama kuka, aka gama rantse-rantse, aka kai inda kowa ya gaji amma ba mai son ya riga furtawa, Bashora ake aika wa. Shi ne mai riƙe ragon sulhu. Mai riƙe rago kuwa ba shi da ɓangare, ba shi da ƙara, ba shi da abokin gaba. Ko ƙafarsa ka taka, shi zai ce maka sannu.

A Tudun Meti aka haife shi, wani ɗan tudun yashi mai yawan goruba, tsakanin gonakin Pokomo da makiyayar Orma. Gidajen da ke kansa ba su taɓa cika yatsun hannu biyu ba, kuma duk na 'yan Waata ne, wata ƙaramar ƙabila ta maharba. Ubansa, Abajila, maharbin giwa ne, irin na kwari da baka da dafi. Bashora yana yaro aka hana farauta, aka zo da mota aka tattara duk wani baka da ke tudun aka cinna masa wuta a gaban masu shi. Abajila ya tsaya ya kalli nasa har ya zama toka, sannan ya tambayi wani mai kaki cikin waɗanda suka zo ko an gaya wa giwayen sabuwar dokar, don su ma su daina shiga gonakin mutane. Mai kakin ya shiga mota ya tafi. Daga ranar gadonsa ya ragu zuwa abu ɗaya, wato ragon, kuma shi ya bar wa ɗansa.

Matsayin ɗan Waata a nan ba ɓoyayye ba ne. Orma na cewa kakanninsu sun ci naman da bai kamata a ci ba. Pokomo na cewa ai mutanen Orma ne, tunda bakinsu ɗaya, Orma kuwa su ce Allah ya kiyaye. Ba a ba su aure, ba a neman nasu, ba a cin abinci da su a akushi ɗaya. In ɗan Waata ya je rugar Orma aka ba shi madara, akwai ƙoƙonsa daban rataye a jikin shinge, shi zai ɗauko, shi zai wanke, shi zai mayar. Hannu kuwa ba a ba su, da haɓa ake gaishe su daga nesa. Duk da haka kowa ya yarda bakinsu yana da albarka, yana kuma da dafi, kuma jini ba ya wankuwa sai da su. Mutum na iya tsufa a tsakanin waɗannan maganganu biyu bai taɓa jin sun yi masa karo a kai ba.

Ga yadda aikin yake. In an daidaita a kan diyya, sai a kawo farin rago. Bashora ya yanka, ya kwantar da shi rigingine tun yana da ɗumi, ya tsaga cikin ta dama da ta hagu, daidai shigar hannu. Dattijon wannan ɓangare ya tsuguna ya zura hannunsa ta nan, na wancan ya zura ta can, su laluba har su kama juna a cikin hanji da jini, inda ba mai gani. Sai Bashora ya dafa ƙahon ragon ya ja addu'ar da ya gada, da tsohon harshen da shi kansa ba duk kalmominsa ya san ma'anarsu ba. Kafin ya kai ƙarshenta ba mai zare hannu. Wanda ya zare, jinin ya koma gidansa, kuma akwai gidajen da har yau ake nunawa da baki ana cewa kakansu ne ya yi gajen haƙuri. In ya gama, su fito da hannuwa, a wanke, a dafa nama, a ci. Ladan Bashora fata da wuya, kuma a bayan bishiya yake cin nasa.

Ya auri Diramu, 'yar wani tudun Waata da ruwa ya cinye tuni. Mace ce gajera, mai saurin hannu da saurin baki. Tabarmar kaba take saƙawa tana kaiwa kasuwar Garsen, kuma duk faɗan da sana'a ta hana mijinta yi ita take yi masa, kyauta. 'Ya'yansu mata sun yi aure sun tafi. Namijin, Galgalo, wanda ya kamata ya gaji addu'ar, yana acaba a garin Malindi, yana gaya wa fasinja shi Orma ne. Da labarin ya iso, Bashora bai yi fushi ba. Ya ce aƙalla yaron hannu da hannu ake ba shi abin da ya yi wa aiki.

Da can sana'ar ba ta da kasuwa. Sai a daɗe ba a neme shi ba, ya yi ta ɗaura amya yana cire zuma, yana kamun tarwaɗa a fadama. Damina biyu ce a shekara, babba da ƙarama, kowace ta san lokacinta. Kogi ya cika ya malala ya bar laka, Pokomo su bi bayansa da shinkafa da masara. In rani ya yi Orma su sauko da fararen shanunsu, su ci kara, su bar taki, su koma. Ana saɓani, amma irin na harshe da haƙori.

Sai sama ta rikice. Ƙaramar damina ta fara tsallake shekara, babbar ta koyi halinta. In kuma ruwan ya ga damar zuwa, sai ya taho da bashin duk shekarun da ya tsallake, ya kwashe gona da gada da akuya. Kogin ya bar tsohuwar hanyarsa ya yanki wata, gishirin teku ya hauro ya kashe ayabar da ke ƙasa. Makiyaya suka daina komawa, don babu inda za su koma, har wasu suka ƙaru daga arewa mai nisa. Manoma suka matso da gonaki har bakin ruwa, suka toshe mashayar da kakanni suka bari. Saniya kuwa ba ta san iyaka ba, ƙishirwa ta sani.

Bashora ya zama mutum mai aiki. Fatun raguna suka cika ɗaki, har Diramu ta ce fari ya tsiyata kowa, su ya yi musu shimfiɗa. Ba ya son wannan maganar, don ya san kowace fata akwai uwar da ta yi kuka kafin a feɗe ta, kuma yana iya faɗin sunan uwar. Wata safiya yana tsaye nesa da teburin mai shayi, riƙe da kofinsa da ya zo da shi daga gida, ya ji a rediyo cewa hayaƙin masana'antun wasu ƙasashe masu nisa ne ya ɓata damina, kuma ana ta taro a kan su biya. Ya tambayi mai shayi ko waɗancan mutanen suna da mai riƙe musu rago. Mai shayi ya ce bai ji an ambata ba. Bashora ya ce to, za a daɗe ana taro.

Babbar rigimar ta zo ne a wani rani da ya ƙi ƙarewa. Wani saurayin Orma, ɗan ƙanin dattijo Ijema Godana, ya ga shanunsa na faɗuwa, ya kora su ta cikin shinkafar gidan Komora Buya, dattijon Pokomo, zuwa ruwa. Samarin Pokomo suka fito. Saurayin bai koma ruga da ƙafarsa ba. Bayan nan aka cinna wa bukkokin gonar Pokomo wuta, wani tsoho da ke gadin tsuntsaye a ɗaya daga ciki bai fito ba. Kasuwa ta watse. Matan Orma na zubar da madarar da ta lalace, matan Pokomo na dama wa yara koko ba madara, maza kuwa kowa na wasa mashi yana cewa ai gyara yake yi kawai.

Ana cikin haka wata ƙungiya daga birni ta turo Malama Kadzo, 'yar bakin teku, a farar mota. Ta ce abin da ta zo da shi adalci ne na ɗinke ɓaraka: ba a ɗaure mai laifi a manta da wanda aka cuta ba, a zauna, duk wanda abin ya shafa ya faɗi abin da aka yi masa, a gyara. Dattawa suka gyaɗa kai. Ba baƙon zance ba ne a wurinsu, sai dai ita tana zuwa da lemon kwalba. Kuma a faɗi gaskiya ta yi aiki. Ta sha rana, ta sha zagi daga kowane ɓangare, ta je gidajen makoki biyun ta zauna a ƙasa, har ta kawo Ijema da Komora ƙarƙashin mangwaro ɗaya, kowa na kallon gabansa.

Diyya ba ta yi wuya ba, tunda rai ɗaya ne a kowane gefe. Abin da ya ci lokaci shi ne burtali, hanyar da shanu za su riƙa bi zuwa ruwa ba tare da sun taka gona ba. Komora ya ce ko taki ɗaya na gonar Pokomo ba za a taɓa ba. Ijema ya ce shanu masu ƙishirwa ba za su zagaye fadama ba. Aka yi ta juya magana har wani ya ce ai ga Tudun Meti nan, miƙaƙƙe daga daji har bakin kogi. Malama Kadzo ta tambaya ko na wane ne. Komora ya ce ba na kowa ba ne. Ijema ya ce wallahi kuwa, ba na kowa ba ne. Tun da aka fara zaman, wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya, har Malama Kadzo ta sa aka tafa.

Diramu ce ta fara ganin sakamakon. Ta dawo daga yankan kaba ta tarar da turke mai jan fenti a kafe kusa da murhunta, wani a bayan ɗakin maƙwabta, wani kuma daf da kabarin Abajila. Turakun sun yi layi biyu sun sa gidajen tudun a tsakiya. Ta tsaya ta ƙare wa nata kallo, ta rataya ludayi a jikinsa, ta jira mijinta.

“Malam, ka ga baƙon da aka kawo mana? Ka yi ta ɗinke ƙwaryar mutane, taka tana yoyo.”

Bashora ya zagaya turken, ya taɓa fentin, ya ga bai gama bushewa ba. Wannan tudun ne kaɗai ambaliya ba ta taɓa hawa ba. Gorubar da matarsa ke ci da ita a nan take, amyarsa a nan, ubansa a nan. In garken shanu suka fara bi safe da yamma, kafin rani ya fita ba ɗaki, ba goruba, ba kabari.

Ya fara zuwa wurin Komora, don tare suka yi kamun kifi suna yara, kuma in ba kowa a kusa Komora kan ce masa abokina. Ya same shi a gindin kwalekwale yana toshe ɓaraka da tsumma. Komora ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Abokina, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kai da kanka ka sha faɗa mana. Ka taimaka kada a tayar da abin da ya kwanta.” Daga nan ya tafi rugar Ijema, ya ɗauko ƙoƙonsa daga shinge, aka zuba masa madara. Ijema ya yi dariya da ya ji ƙorafin, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro. Ya ce yaushe Waata suka fara mallakar ƙasa, su da kakanninsu ke bin giwa duk inda ta sa gaba, su kwana inda ta faɗi.

Malama Kadzo ce ta ƙarshe. Da ya iso ta miƙa masa hannu, don ba ta san al'adar wurin ba. Direbanta ya yi tari, Bashora ya mayar da nasa hannuwan baya ya gaishe ta da kai. Da ta ji maganar fuskarta ta canza, ta ce an gaya mata daji ne. Ta ce yanzu an riga an ɗaure magana, in aka kwance ta kafin ranar sulhu ba ta san abin da zai biyo baya ba, amma bayan taro za a duba lamarinsu, akwai ma fili a bakin kwalta. Ta ba shi riga mai rubutu, ta ce ya saka ranar, don manyan baƙi za su zo ganin al'ada. Bashora ya yi godiya. Ya san filin bakin kwalta, yana ganin jiragen ruwa na wucewa ta kan filin duk shekarar ambaliya, ya kuma san abin da ake nufi da bayan taro.

A mashayar da ke gindin tudun aka yi taron, da hantsi. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, baƙi daga birni suna fifita da hannu. Orma a dama da sandunansu, Pokomo a hagu, mata a baya, mutanen tudun kuwa can nesa a inuwar goruba, inda suka saba tsayawa. Bashora ya sa rigar a kan zanensa. Aka yi jawabai, liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa, aka kawo ragon, fari sol, mai ƙiba irin wadda aka daɗe ba a gani ba a yankin.

Ya yanka. Ya kwantar. Ya tsaga dama, ya tsaga hagu. Ijema ya tattara zanensa ya tsuguna da ƙyar, don gwiwoyinsa sun daɗe da daina yi masa biyayya, ya zura hannu. Komora ya zura nasa. Jama'a ta yi tsit tana jiran addu'a. Bashora ya sake ɗaukar wuƙar, ya yi tsaga ta uku a ƙasan ƙirjin ragon, ya ajiye wuƙar, ya naɗe hannun sabuwar rigar, ya tsuguna, ya zura hannunsa har gwiwa. Ya ji hannuwa biyu sun rabu sun gudu, kowanne ya maƙale a jikin haƙarƙari.

“Kai, Waata, me kake yi?” in ji Ijema, ƙasa-ƙasa.

“Aiki, ranka ya daɗe.”

“Cire hannunka.”

“Ragon babba ne. Zai ɗauki mutum uku.”

Komora ya ce, “Bashora, kada ka ba mu kunya a gaban baƙi. Ja addu'arka, in an tashi sai mu yi magana.”

“In an tashi kai ka tafi gida, shi ya tafi ruga. Ni ina zan tafi? An ce duk wanda aka yi wa ɓarna ya zo a gyara. To, na zo.”

Ijema ya ce mai ƙara ba ya sa albarka, kuma Bashora ya san doka. Bashora ya ce ya sani sarai, su aika a kira wani. Ba wanda ya motsa, don kowa ya san babu wani. Tsohon da ya san addu'ar a ƙetaren kogi ya rasu a shekarar kwalara, magajin Bashora kuwa yana Malindi yana neman fasinja. Wani ya ce liman ya ja tasa a wuce wurin. Liman ya ce tasa ya riga ya yi, wannan kuwa ba gonarsa ba ce. Fasto ya duƙufa yana duban takalminsa.

Haka suka zauna, tsofaffi uku a tsugune a kan rago, rana na hawa, ƙudaje na taruwa, jini na sanyi yana daskarewa a hannu. Baƙin birni sun ɗauka wani sashe ne na al'adar, suna ta ɗaukar hoto. Ijema na gumi, amma ya gwammace ƙafa ta karye da a ce shi ya zare. Bashora kuwa tsoro ne fal a cikinsa, irin wanda bai taɓa ji ba. Yana ganin samarin ɓangarorin biyu sun fara gyara riƙon sanduna. In tsohon nan ya faɗi, ko ya fusata ya fizge hannunsa, jinin da zai zuba a kansa yake, shi da ya ƙarar da rayuwarsa yana wanke na wasu. Sau biyu bakinsa ya buɗe zai fara addu'ar, sau biyu ya hango kabarin ubansa a can sama da turke a gefensa, ya rufe.

Malama Kadzo ta ga abin ya wuce tsari, ta je wurin Diramu ta tambaya. Diramu ta yi mata bayani dalla-dalla, har da ƙari, da murya irin wadda ake ji daga ƙetaren kogi. Malama Kadzo ta dawo ta tsuguna kusa da ragon, atamfarta mai kyau na jan ƙasa, ta ce ita ta ce duk wanda abin ya shafa ya zo, kuma ita ce ba ta ƙirga daidai ba. Ijema ya ce ba da ita ake ba. Sai wata murya ta taso daga cikin matan Orma, ta uwar saurayin da aka kashe, wadda tun ranar ba a ji bakinta ba.

“Yaya Ijema, ɗana ba zai dawo ba ko ta ina shanun suka bi. Ku bar wa mutumin nan tudunsa, mu tafi gida. Na gaji.”

Maganar da ta ci watanni a ƙarƙashin mangwaro, da lemon kwalba da kujeru, a tsugune ba ta daɗe ba. Komora ya tuna cewa akwai tsohon lambun ayabarsa da gishiri ya kashe, a gefen fadama, ba abin da yake fitowa a ciki sai ƙaya. Ijema ya tuna cewa shanu in sun san akwai ruwa a gaba ba sa ƙin ɗan zagaye. Bashora ya ce ya ji, amma shi bai iya addu'a ba turke na kallonsa. Samarin Orma da na Pokomo suka hau tudun tare, Diramu a gabansu tana nuna musu, suka tuge turakun suka sauko da su a kafaɗa suka zube a gaban rumfa.

Saura abu ɗaya, kuma su ukun sun san shi. Addu'a ba ta hawa sai hannuwa sun kama juna. Bashora ya buɗe tafinsa a tsakiyar cikin ragon ya jira. Aka ɗan jima. Sai ya ji wasu yatsu masu kaushi sun lalubo, sun taɓa nasa, sun ja baya, sun dawo sun riƙe biyu daga ciki. Can sai ɗaya hannun ya zo ya rufe ta sama. Mutum ya yi furfura, sai a cikin hanjin rago ya fara sanin nauyin hannun maƙwabcinsa. Idonsa ya kawo ruwa, ya bar shi ya zuba, mutane suka ce rana ce. Ya dafa ƙaho da hagu ya ja addu'ar, a hankali, bai tsallake ko kalma ɗaya ba, don ya san ba zai sake janta ba.

Aka wanke hannuwa, aka dafa nama. Bashora ya karɓi wuya ya koma bayan bishiya, Diramu ta zo ta zauna kusa da shi ta ce naman bai ji gishiri ba. Har yau ba wanda ya san hannun da ya riga kamawa. Ijema na cewa shi hannun Komora ya kama, in akwai wani abu a tsakani to hanji ne. Komora na cewa ya manta. Bashora bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Diramu, duk da ta gwada shi ta hanyoyi da yawa.

Bayan 'yan kwanaki dattawan ɓangarorin biyu suka zauna suka yanke cewa sulhun ya hau, amma bakin Bashora ya ƙare, tunda ya zama mai ƙara. A kan wannan ma ba su yi gardama ba. Burtali ya bi ta tsohon lambun Komora, ya zagaye tudun ta ƙasa. Daga ƙofar ɗakinsa Bashora kan ga shanu na wucewa, ƙura na tashi tana sauka kafin ta iso shi. Malama Kadzo ta hau tudun sau ɗaya kafin ta koma, ta sha shayin Diramu a kofin gidan, ta tambayi sunan kowa. A kasuwa har yanzu da haɓa ake gaishe shi, sai dai wasu sun daina ko wannan.

Damina ba ta ji labarin sulhun ba. Rani na gaba ya zo da tsawonsa, wata safiya aka ji an sari wani manomi a wata mashaya can gaba, aka rama a kan wani makiyayi. Bashora ya ji tun kafin rana ta take. Ya yi wanka, ya ɗaura zanensa mai kyau, ya wasa wuƙa, ya zauna a ƙofar ɗaki yana kallon hanya, ko da yake ya san hukuncin. Ya zauna ranar, ya zauna washegari. Motar 'yan sanda ce ta zo ta kwashi samari daga kowane ɓangare, aka kai magana kotu a birni, kuma gidajen biyu har yanzu ba sa gaisawa. Ya san iyayen yaran duka. Ya san da an kira shi, da yanzu matansu sun koma sayen madara da ayaba a wurin juna, kuma wannan sanin yana cinsa.

Diramu ta fito da damin kaba ta zauna a gefensa tana tsagawa. Can ta dube shi, da zanensa mai kyau da wuƙarsa a kan cinya.

“Malam, nadama kake yi?”

“Ina yi mana,” in ji Bashora. “Amma a ƙofar ɗakina nake yinta.”